Maɓallin Tagulla a Gurbi na Shida

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ko a Kano kira ya riski mutum ko a ƙarshen duniya. Baffa a cikin motar da ke dawowa Guangzhou daga Xintang, garin masu ɗinka jins a China, ya riske shi. Yana kujerar taga, samfurin wandunan jins a cinyarsa, ni kuma ina gefensa ina zuba masa labarin wani ɓera da na gani a lungun Dengfeng, wanda na rantse ya kai tunkiya. Na yi shiru ina jiran ya ce, "Rage, ɗan nan," kamar yadda ya saba tun ina yawo ba wando. Bai ce ba. Kansa kawai na ji ya kwanto a kafaɗata. Na ɗauka barci ne, har na ƙara wa ɓeran ƙaho don in tashe shi.

Maƙwabcinmu ɗan Maraɗi, wanda ɗakinsa ke kallon namu, a kan matattakala ya zauna da ya ji, ledar cefane a hannunsa. "Tsoho ya tahi?" yake ta maimaitawa. "Jiya-jiya ya ba ni ruwa. Hanƙuri, ɗan'uwa, hanƙuri." Shi ke ba ni haƙuri, ni ke share masa hanci.

Umma, matar Baffa, da na kira ta a Kano, ba ta tambayi yaushe ba, ba ta tambayi me ya same shi ba. Ta yi salati, sannan ta ce, "Wa zai yi masa wanka a can?" Tambayar tana da dalili. Shekarar Olamfik ce, biza ta yi tsadar da ta fi ta zinariya, mutanenmu sun watse, wasu gida, wasu Bankok, wasu Dubai. Titin Huanshi Lu da a da in ka yi atishawa Hausawa goma za su yi maka addu'a, sai da ta koma kana iya tafiya daga farkonta zuwa ƙarshenta ba ka ji "sannu" ba. Na ce mata akwai mutane. Ta ce, "To a rufe shi nan. Ƙasa duk ta Allah ce."

Akwai kuma matar da ke sayar da maɓallai a Xintang, wadda Baffa ya yi shekaru yana sayen na wanduna a wurinta. Da na koma bayan an yi jana'iza, ta leƙa bayana tana neman sa. "Lawban?" ta ce, wato maigida. Duk Sinancin da ke bakina na ciniki ne, ba ni da kalmar mutuwa. Sai na ce mata abin da suke ce mana in kaya sun ƙare: "Meyo." Babu. Ta kalle ni, ta shige ciki, ta fito da filas ɗin ruwansa da ya manta a shagonta ranar, ta wanke shi tas ta ɗaure a leda. Ta miƙo mini da hannu biyu, ta juya tana gyara akwatunan da ba su bukatar gyara.

Sai kuma amininsa, wani tsoho ɗan Lahore ta Pakistan mai gidan abinci a bayan Huanshi Lu. Shi ya naɗe hannun riga ya yi masa wanka, ni da ɗan Maraɗi muna zuba ruwa. Shi ya tara mana kafaɗun da suka ɗauki makara: 'yan Pakistan, 'yan Bangaladash, mutanen da duk abin da ya haɗa su da Baffa shi ne sallah da wani wasa da yawancin Hausawa ba su san ana yi ba. Sa'ad da nake cire wa Baffa riga na ji wani abu a aljihun ƙirji. Maɓalli ne na tagulla, ya sha hannu har ya yi sheƙi. Tsohon Lahore ya gan shi a tafina, ya kawar da kai. Saboda maɓallin nan nake wannan rubutu.

Duk wanda ya san ni a unguwar Xiaobei ya san in na ga ƙadangare zan ce kada ne, in na ga kada kuwa sai a kira sojoji. Baffa shi ne birkina. Cinikin labarina yake yi kamar yana cinikin yadi. "Mutum dubu ne a layin banki, Baffa." "Rage." "To, ɗari." "Ƙara ragewa." "Mu bakwai ne." "Na saya." Shi kuwa a rayuwarsa ban taɓa jin ya ƙara wa magana ko gishiri ba. In ya ce wando zai yi zuba, zai yi zuba. In ya ce yana zuwa, ka sa masa kujera. Don haka ku yi mini uzuri a kan abin da na faɗa game da kaina, amma abin da zan faɗa da bakinsa ku karɓa yadda yake.

Ƙanin mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara. Hoto ɗaya ya bari, shi ma gara ta cinye shi a cikin akwati. Baffa ya goya ni, ya yi mini kaciya, ya yi mini aure, ya jawo ni China da ya ga surutuna ya fi ƙarfin Kantin Kwari. Duk abin da na sani game da ubana daga bakinsa na ji, kuma rabin abin da na ji kurket ne.

Ga wanda bai san kurket ba, ga shi a taƙaice. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku, wani ya tsaya a gabansu da katako yana kare su, wani ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba don ya kayar da su. In mai katako ya maka ta ta yi nisa, sai ya yi ta kai da kawowa yana tara maki. In an kayar masa da turaku ya fita, na biye da shi a jeri ya shigo. Wasu gwanayen jifa ne, wasu gwanayen bugu, kuma da wuya ka sami wanda ya iya duka biyun. Wannan na ƙarshen Baffa ke kira mai tauna taura biyu. Turawa suka kawo wasan makarantun kwana na da, a can Zariya Baffa da Yayansa suka koya. Baffa bai taɓa ɓoye matsayinsa ba: shi ne na goma sha biyu, wanda ba ya wasa, aikinsa ya kai wa 'yan wasa ruwa. "Shi ya sa na ga komai," in ji shi. "Mai wasa nasa kawai yake gani."

Halin kai ruwan nan bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Ko ina za shi da filas ɗinsa da kofin silba. A zafin Xintang da ke narkar da takalmi, za ka gan shi yana bin 'yan dako da ke loda kwantena, yana tsiyaya musu ɗaya bayan ɗaya, suna "shiye-shiye", wato na gode, yana "ba komai". Saurayi in ya sauko daga jirgi karon farko, idonsa ya raina fata, kafin a tambaye shi me ya zo saya Baffa ya miƙa masa kofi. "Sha tukuna. Mai ƙishirwa ba ya ciniki, sadaka yake yi."

Duk ranar Lahadi da hantsi 'yan Lahore da 'yan Daka sukan karɓi aron wani filin ƙwallon kwando a ƙarƙashin gadar sama, su naɗe ƙwallon tanis da salatif, su jingina akwatin lemo a madadin turaku. Baffa ne alƙalinsu, don kowa ya yarda ba ya ƙarya. In an tashi sai a wuce gidan abincin amininsa, a ci shinkafa mai yajin da ke sa mutum ya tuno zunubansa, a ture faranti gefe, sannan a fara ainihin wasan: zaɓen gwanaye goma sha ɗaya na duk duniya, tun da aka fara kurket har yau. Da maɓallan jins ake yi, Baffa ke kawo su. A jera su a kan teburi, kowane maɓalli mutum ne. Wannan ɗan Ostiraliya ne, wannan ɗan Indiya, wannan daga tsibiran baƙar fata na can yammacin duniya. A yi ta ihu, a yi ta buga teburi, wani ya rantse da kabarin kakansa. Ni shinkafa ke kai ni.

In an zo gurbi na shida sai Baffa ya sa hannu a aljihun ƙirji. Da kansa ya sa matar Xintang ta birkice shagonta har ta samo masa maɓallin da bai yi kama da sauran ba. Ya ɗora shi a hankali ya ce, "Yaya."

Teburi ya ɗauki "Hajji, Hajji, ka dawo kuma!" Da guntun Turanci da guntun Larabci da na kurame ake muhawarar, amma ga yadda take in an mayar da ita Hausa.

"Kun tara sarakuna goma sha ɗaya," in ji Baffa, "wa zai riƙe buta? Na shida ba gurbin ado ba ne. In gida ya rushe, shi ake turawa ya tare bango. In gida na tsaye, shi ake turawa ya yi sauri. In masu jifanku sun gaji rana ta take, shi za a miƙa wa ƙwallo. Ku 'yan kasuwa ne, kwantena tana ƙaruwa? Kujera goma sha ɗaya ce. Wanda ya yi maka aikin mutum biyu ya ba ka mutum guda kyauta."

"Wannan mun yarda," in ji Tsohon Lahore. "Shi ya sa na sa namu." Ya nuna hoton da ke rataye a bayan kantarsa, wani dogon ɗan ƙasarsu mai gashi kamar na doki, wanda shi ma jifa da bugu duk nasa ne.

"Naku a kan ciyawa ya yi wasa, wadda ake yi wa aski kamar ango. Yaya a kan tabarma ya yi, an shimfiɗa ta a kan marmara, gara na ci ta ƙasa. Ƙwallo ɗaya ta bi ƙasa kamar maciji, ta gaba ta nemi haƙoranka. Babu hular kwano. Katako ɗaya ne a duk makarantar, ya tsage, an ɗaure shi da fata. Ku ɗauko min naku ku ɗora a kan tabarmar nan, in ya ga Azahar da hancinsa ku kira ni."

"Ɗan makaranta ne, Hajji. Bai buga wa ƙasa ba. Babu hoto, babu adadi."

"Rijiyar da ba a auna ba, ba ruwa ne babu ba. Kai ka taɓa ganin kakan kakanka? To ya aka yi ka yarda an yi shi?"

Daga nan sai labarin ranar da suka kara da kulob ɗin Turawa, manya masu gemu da ciki. Yaya bahago ne. Ya yi jifa tun rana na ɗumi har ta take, ya fitar da fiye da rabinsu, ba a karɓe shi ba don babu wanda zai karɓa. Da aka juya, bugu ya zo kansu, 'yan makaranta suka zube kamar ganyen kuka, sai ga shi ya shigo a na shida. Ƙwallo ta fasa masa ɗan yatsa. Baffa ya ruga da ruwa, ya tarar jini na bin katako. Yaya ya kurɓa, ya zuba sauran a kan yatsan, ya ce, "Kar ka gaya wa malam." Ya tsaya a gaban turakun nan har aka kira Magariba, Turawa suka gaji suka nemi a tashi.

"Kuka ci su?" wani sabon zuwa zai tambaya.

"Canjaras aka yi."

A nan nake dafe kai. Da ni ke ba da labarin, da mun ci su, mun ƙwace motarsu, mun auri ƙannensu. Amma sau nawa na ji labarin nan, ko sau ɗaya Baffa bai yarda ya ci wasan ba. Wata rana don tsokana na ce, "Baffa, rage." Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ya yi mini ranar da na fasa masa gilashin mota. Ya ce, "Wannan babu ragi, ɗan Yaya. A yadda na saya na ba ka."

Abin da ya hana maɓallin tagulla zama shi ne dokar teburin, wadda Tsohon Lahore ya kafa tun kafin mu zo: ba a sa mutum sai biyu daga cikin mazauna sun gan shi yana wasa, ko a fili ko a talabijin. Shaidu biyu, kamar a gaban alƙali. Baffa kuwa shi kaɗai ne. 'Yan ajinsu duk sun riga shi, ya bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya ta waya yana jin "ai ya rasu". Na taɓa ɗaga hannu na ce ni ne na biyu. Aka yi dariya har mai kawo shayi ya zubar. Baffa ya ce, "Kai shaidarka ko a kan ruwan sama ba a karɓa, sai an leƙa taga." Haka kowace Lahadi maɓallin zai hau teburi, a yi ta fama, ya koma aljihu. Yakan ce mini a hanyar gida, "Ranar da na mutu, shi ma ya sake mutuwa. Babu wanda ya rage da ya ga gudunsa."

Sau ɗaya suka yi faɗa na gaske. Tsohon Lahore, don ya faranta masa, ya ce, "Hajji, mu raba gardama. Mu sa Yayanka a na goma sha biyu. Ba sai da shaidu ba." Ya ɗauki maɓallin da kansa ya ajiye a gefen layi. Ban taɓa ganin fuskar Baffa ta yi haka ba. Ya miƙe, ya ɗauke abinsa, ya ce, "Wannan kujerar tawa ce, ni na zauna a kanta. Yaya bai taɓa kai wa kowa ruwa ba, shi ake kai wa. Ban zo neman sadaka ba." Ya fita ko shayinsa bai shanye ba.

Duk sanyin shekarar bai taka gidan abincin ba. Ya koma cin taliyar Musulmin China, yana ci yana zaginta. Ni na fi kowa shan wuya, na rame har wandona ya nemi mai shi. Rannan da La'asar muka ji ana nishi a matattakala kamar ana hawa da saniya. Tsohon Lahore ne da tukunyar shinkafa a rungume, ya hau bene har hawa na ƙarshe da gwiwarsa mai ciwo. Baffa ya buɗe ƙofa, ya dube shi, ya juya ya tsiyayo ruwa. Babu wanda ya ce yi haƙuri. Da suka ci suka ƙoshi tsohon ya ce, "Amma dai shaidu biyu ne." Baffa ya ce, "Amma dai na shida ne." Shi ke nan, an shirya.

Sai bazarar Olamfik. Kamar yadda namu suka watse haka nasu, har wata Lahadi aka rasa mutum ɗaya da zai cika ɓangare. Ido ya faɗo kaina, ina gefe a inuwa ina gadin takalma. Ni da cikina ke riga ni shiga ɗaki da minti biyar. Ni da rabona da gudu tun ranar da kare ya biyo ni a Fagge. Na roƙe su da girman Allah, suka tura mini ƙwallo. Baffa yana tsaye a wurin alƙali, bayan mai jifa, filas a rataye. "Je ka can, ka taho da gudu, ka jefa wa wancan tsohon. Kar ka lanƙwasa hannu." Wancan tsohon amininsa ne, shi ke riƙe da katako, yana murmushin mugunta.

Da hagu na karɓi ƙwallon. Cin abinci da rubutu an doke mini su sun koma dama tun ina yaro, amma jifa ba wanda ya kula, don ba wanda ya taɓa ganin na jefi ko kaza. Na taho ƙasa na girgiza, motocin kan gada na rage gudu. Dab da zan saki, ban san dalili ba, ƙafata ta yi wani ɗan tsalle kamar mai tsallake kwata, harshena ya leƙo ta gefen baki, hannu ya zagayo.

Ƙwallon ba ta bi ta kan tsohon ba ma. Ta haye waya, ta tafi can inda wasu tsofaffin Sinawa ke motsa jiki a hankali, ta daki rediyonsu, waƙa ta tsaya. Fili ya kece da dariya, wani ɗan Daka har da birgima. Na juyo ina shirin in ce iska ce, sai na ga Baffa zaune daɓas a kan siminti mai zafi, filas ya gangara gefe.

Na ruga. "Baffa, jiri ne?"

Ya kama hannuna na hagu, yana jujjuya shi kamar yau ya fara ganin sa. "Tsallen nan. Da harshen." Ya ɗago ya dube ni. "Haka yake yi. Wallahi haka yake yi. Ɗan nan, na manta. Shekara arba'in ina ba da labarinsa, na manta yana yin haka." Hawaye na bin gemunsa, a gaban mutane, shi da ko ranar da aka rufe mahaifiyarsa ban ga ya yi ba. "Sake yi."

Na koma na sake tahowa. Na yi tsalle, na zaro harshe, amma na san ina yi, shi ma ya sani. Na sake. Na sake har numfashi ya ƙare mini. Bai dawo ba. Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya tsiyaya mini ruwa ya ce, "Bar shi. Ya leƙo ne ya koma."

Ranar a teburi bai fito da maɓallin ba. Aka zo gurbi na shida kowa na jiran sa, shi kuwa yana ta kallon hannuna yadda nake ɗaukar kofi. Lahadin da suka biyo baya ma bai fito da shi ba. Ko da na tambaye shi sai ya ce, "Ina tuno sauran ne. Wa ya san me kuma na manta." A makonnin nan kowane shago talabijin ɗinsa na nuna masu gudu da masu tsalle a Beijin, ana rataya musu zinariya, ana rubuta sunayensu. Baffa yakan tsaya ya kalla kaɗan ya wuce. Ba a daɗe da kashe wutar gasar ba muka shiga motar Xintang.

Lahadin da ta biyo bayan jana'iza ba a yi wasa ba, amma Tsohon Lahore ya aiko a kira ni. Na tarar an ture faranti gefe, babu wanda ya taɓa shinkafar. Ya zazzage maɓallan da Baffa ya bari a wurinsa, ya fara jerawa, ba ihu, ba buga teburi. Da ya zo na shida ya ɗora na dogon ɗan ƙasarsu kamar kullum. Ya daɗe yana kallon sa. Sai ya sa ɗan yatsa ya ture shi gefe, ya miƙo mini tafin hannu.

Na gane abin da yake nufi, na dafe aljihuna. Na ce, "Baba, ya ƙi sadaka yana raye. Kar a ba shi yana kabari."

"Wa ya ce sadaka? Doka tana nan. Shaidu biyu." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Na farko ya ba da tasa a teburin nan, duk mun ji. Mutuwa ba ta soke shaida." Ya ɗaga na biyu, ya juya shi ya nuna ƙirjinsa.

"Kai? Baba, rediyon mutane na fasa."

"Ƙwallon taka ce, kuma ban taɓa ganin jifa mai muni irinta ba. Tsallen ne ba naka ba." Ya goge ido da gefen hannu. "Ni ke riƙe da katako. Ina ganin hannunka, ina ganin fuskarsa a bayanka. Na yi shekaru ina gardama da mutumin nan, fuskarsa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba ko a kan gishirin miya. Abin da ya gani ranar, na gani a idonsa. Ban ga ubanka yana bugu ba. Amma wanda ya sa Hajji ya zauna a ƙasa da tsalle ɗaya, na yarda ya tsaya har Magariba." Ya dubi sauran. "Akwai mai ja?"

Babu wanda ya ja. Na ciro maɓallin, ya ƙi karɓa da na miƙa da dama, sai da na sauya hannu, sannan ya nuna mini gurbin. Ni na ɗora shi da kaina, tsakanin na biyar da na bakwai, a cikin gwanayen duniya. Ubana, wanda ban san fuskarsa ba. Na so in yi wani barkwanci don kar in fashe, na buɗe baki, babu ko ɗaya. Abin da ke cina shi ne makonni kaɗan kawai suka raba Baffa da ganin wannan. Tsohon ma ya faɗa da bakinsa: "Na so in gaya masa tun ranar. Na ce bari ya fito da shi tukuna, in ja masa rai kaɗan." Ya kifa kai a teburi.

Layi ya cika goma sha ɗaya, amma idona na ganin wani gurbi a gefe. Na kama maɓallin wuyan rigata na fizge shi, farin roba ne, ba shi da wani kyau. Na ajiye shi a waje da layi, kusa da na tagulla, daidai inda aka taɓa yin faɗa a kai.

Wani ɗan Daka ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Mai kai ruwa."

Ya waiwayi Tsohon Lahore. "Shaidu?"

Tsohon ya ɗago, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wanda bai taɓa shan ruwansa ba a nan ya ɗaga hannu."

Filas ɗin yana wurina. Ina ratayawa in zan tafi Xintang, ina bin 'yan dako da kofin silba, suna dariyar cikina. Labarai kuwa har yanzu ina zuba su, ɓerayena sun kai shanu, sai dai in na kai ƙarshe nakan yi ɗan shiru, kuma babu mai cewa, "Rage."

Ya Allah, baƙo ne a ƙasar da ya kwanta, Ka zame masa ɗan gari. Ka yafe masa, Ka yalwata masa, Ka sanyaya zuciyar Umma da ba ta ga kabarinsa ba. Ya shayar da bayinKa a zafin rana, Ka shayar da shi daga Alkausara. Ka haɗa shi da Yayansa. In akwai fili a can, na san wanda zai taho da gudu ya yi ɗan tsalle, na kuma san wanda ke tsaye a gefe da kofi a hannu, yana kallo, ba ya manta komai.